Bulon da Inna Ta Gasa

Ƙungiyar ɗaliban injiniyan gine-gine 'yan Anka, Gummi da Bukkuyum ba ta yin zaɓe. Ta taɓa gwadawa a shekarun baya, aka tashi taron da yagaggun aljihu da fasasshen tabarau, 'yan Gummi suka shekara ba sa ga-maciji da 'yan Bukkuyum, 'yan Anka kuwa suka yi fushi da kowa har da junansu. Da abin ya ishi tsofaffin 'yan ƙungiyar, waɗanda suka gama jami'a suka shiga babbar ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, sai suka ce to, tunda bakinku ya ƙi haɗuwa, bari kankare ya yi muku alƙalanci, shi da ba shi da ɗan uwa a garin kowa.

Ga yadda ake yi. Farkon dogon hutu kowane gari ya tsayar da mutum ɗaya daga 'yan aji huɗu. Kowa ya zo da yashin gulbin garinsu da tsakuwar da ya yarda da ita, a ba su siminti daga buhu ɗaya, kowa ya kwaɓa nasa a gaban jama'a ya zuba a ɗan akwatin ƙarfe. Kafin ya bushe uban ƙungiya ya dangwala babban yatsansa a kai, don kada wani ya je gida ya sake sabo. Abin da ke fitowa ɗan bulo ne mai kusurwa huɗu, bai kai kan mutum girma ba, amma ɗaukarsa sai da hannu biyu. Kowa ya tafi da nasa gida ya nutsa shi a ruwa kusan wata guda, domin shi kankare a cikin ruwa yake nuna. Ranar babban taro a sa su a injin matsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda nasa ya fi jure nauyi kafin ya fashe, shi ne shugaba. Shi zai sa farar hular kwano ta ƙungiya, shi zai ja tawaga zuwa taron ɗaliban injiniya na ƙasa, shi zai riƙa cewa an rufe taro kowa ya miƙe.

Mardiyya 'yar Anka tana son hular nan, so ba na wasa ba. Tun da aka kafa ƙungiyar mace ba ta taɓa sa ta ba, sai dai a ba mata riƙon maganar abinci da jera kujeru. Ita kam ta taɓa sa ta sau ɗaya a ɓoye, ranar da aka bar ta ita kaɗai tana share ofis, ta duba fuskarta a gilashin taga ta ga wallahi kamar don ita aka ƙera. Bana take aji huɗu, kuma ba a tsayawa sau biyu. In ta wuce ta bana, ta wuce ta ke nan.

Saboda haka yashinta ma sai da ta tankaɗe shi kamar garin tuwo, tsakuwar ta wanke ta tas. Ranar kwaɓi Naziru, ɗan takarar Gummi, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya leƙo kwanonta ya ce, "Allah sa ba daga ramukan ma'adinan Bagega kinka ɗebo yashin ga ba, kada inji shi matsa shi hiddo muna zinari mu watse."

"Ka ji da naka," in ji ta. "Ruwan da kake zubawa, kankare kake haɗawa ko kunu?"

Abdulwahabu, ɗan takarar Bukkuyum, shi dama ba mai magana ba ne, sai dai ya gyara tabarau ya yi murmushin da ke ba mutum haushi. Uban ƙungiya, Injiniya Lirwanu, ya bi su ya dangwala yatsa, ya ce taron bana a Gummi za a yi, a yadin kamfanin da yake wa aikin gada, don can injin yake.

Mardiyya ta rungumo bulonta a bayan mashin har gida kamar jariri.

Gidansu gidan ginin tukwane ne. Inna Saude, mahaifiyarta, tun kafin ta yi wayo take cikin yumɓu, kuma duk Anka in ana maganar randa mai sanyin ruwa sunanta ake fara kira. Da kuɗin tukwanen nan aka yi karatun Mardiyya, kuma Inna ba ta san me ake koya mata a can ba, abin da ta sani dai ɗiyarta za ta riƙa gina gada. Wannan ya ishe ta yi wa maƙwabta baki.

Da ta ga an ɗauke mata babban baho an cika da ruwa an tsunduma wani dunƙule a ciki, ta zo ta tsaya a kai, hannu a ƙugu.

"Ke Mardiyya, mi kinka jiƙa cikin bahona?"

Mardiyya ta zauna ta yi mata bayani tiryan-tiryan: ga hula, ga Naziru, ga Abdulwahabu, ga inji, wanda nasa ya fi ƙarfi shi ne shugaba. Inna ta saurara har ƙarshe, ta gane komai sarai, sai abu ɗaya.

"Tau na ji. Amma wa ka jiƙa abu don shi yi ƙarhi? Tun ina ɗiya ƙarama nike aikin ga, ban taɓa ganin abin da ruwa yaƙ ƙara ma ƙarhi ba."

"Inna, siminti ba yumɓu ba ne. Shi ruwa yake so."

"Wa yag gaya miki?"

"Malamanmu. Haka yake a littafi."

Inna ta dubi bulon, ta dubi 'yarta, ta ce, "Tau." Duk wanda ya tashi a gidan ya san wannan tau ɗin. Ba ta yarda ba ce, ta ajiye magana ce zuwa wani lokaci. Mardiyya ma ta san ta, amma farin cikin haɗinta ya yi kyau ya toshe mata kunne.

Bayan 'yan kwanaki yayarta ta haihu a Nasarawar Burkullu, haihuwar ta zo da gardama, aka ce Mardiyya ta je ta zauna da ita har ta ji ƙarfi. Da za ta tafi ba ta yi wa Inna sallama da komai ba sai bulo. In ruwa ya ja baya a ƙara. Kada awaki su sha. Kada a wanke hannu a ciki. Inna ta ce, "Ki tahi abinki, ɗan ga naki na hannuna."

Tafiyar da aka ce ta mako guda sai ta miƙe. Kullum in ta kira waya, bayan gaisuwa sai ta tambayi bulo, Inna ta ce lahiya lau shike, har da 'yar dariya. Sai ana gobe taro ta samu ta dawo. Tana shigowa da hantsi, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi baho. Baho na nan, cike da wankin Inna. Bulo babu.

"Inna! Ina bulona?"

Inna ta fito daga ɗaki tana washe baki, ta sa yatsa a leɓe wai a yi a hankali kada maƙwabta su ji. Ta ja ta ciki, ta durƙusa ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, naɗe da zanen da take zuwa biki da shi. Ta kwance a hankali.

Bulon ne. Ga shatin yatsan Injiniya Lirwanu nan daram. Amma launin tokar nan na siminti ya tafi, ya koma wani ja-ja mai haske, sai ƙyalli yake.

"Kina hita nit tsamo shi," in ji Inna, murya ƙasa-ƙasa. "Na shanya shi rana sai da yab bushe ƙarau. Na shahe shi da jar ƙasa, na goge da dutsi awa randar amarya. Ranar gashi nis sa shi tsakiyar tukwane, inda wuta ka ci sosai. Kashin shanu ma ba na gida nis sa ba, wurin Dija ta rugga nit tahi da kaina, nata ya hi bushewa. Su nasu na can cikin ruwa suna jiƙa awa gero, naki ya sha wuta. Kak ki hwaɗa ma kowa. Gobe ki ga aiki."

Mardiyya ta zauna a bakin gado. Ta ɗauki bulon, ta ji ya rage nauyi. Ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta ga siraran tsagu sun bi jikinsa ko'ina a ƙarƙashin jar ƙasar. Ta ƙwanƙwasa da zobenta, ya amsa da wata murya ta abin da ya riga ya mutu. Ko ɗan aji ɗaya ya san abin da wuta ke yi wa kankare. Wannan ko akuya ta taka shi da ƙarfi sai ta ji tausayinsa.

Ta buɗe baki. Maganar ta riga ta hau harshenta, da zafinta, da littafin da malaman da komai. Sai idonta ya sauka a hannun Inna na dama. Daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu fatar ta saluɓe, an shafa mata wani baƙin magani.

"Inna, me ya same ki a hannu?"

"A'a, ba komi. Shi na, wurin hiddo shi. Nauyi garai, ya zame, na ce wallahi ba ka hwaɗuwa ƙasa, nit tare shi." Ta yi dariya. "Ya yi kyau ko?"

Haushi da dariya da kuka suka zo wa Mardiyya duk a dunƙule, ta rasa wanda za ta fara. Ta haɗiye su duka.

"Ya yi kyau, Inna," ta ce.

Wunin ranar ta yi shi a bayan ɗaki da soson ƙarfe, wai tana ƙara masa ƙyalli. Jar ƙasar ta fita, amma jan da wuta ta sa masa ya shiga ciki, ba ya wankuwa. Tana gurza tana tunani, domin akwai mafita, kuma ta san ta. Dokar ƙungiya ta ce in wani hannu da ba na ɗan takara ba ya ɓata bulo, mai shi ya miƙe a gaban taro ya faɗi abin da ya faru da wanda ya yi, sai a ɗage gasar a sake kwaɓi. Doka ce mai adalci. Abin da ba a rubuta a cikinta ba shi ne, ƙungiyar nan ba ta mantuwa. An taɓa yin wani Haladu ɗan Bukkuyum da kawunsa ya ɗauki bulonsa ya tare tayar mota da shi. Haladu ya faɗa, aka sake kwaɓi, har ya ci. Amma yau shekara nawa, duk wanda ya yi shirme a aji sai a ce masa kawun Haladu. Ɗaliban da ba su taɓa ganin bawan Allahn nan ba sun san shi, har wasan kwaikwayonsa ake yi a liyafar ƙarshen shekara, da hula da tumbi da komai. Mutumin ya daina zuwa ɗaurin aure in ya ji akwai 'yan jami'a.

To ina ga wadda ta gasa kankare da kashin shanu, kuma don 'yarta ta ci gasa? Mardiyya ta hango Naziru ya ɗaura zane ya yafa gyale yana hura wuta a gaban taro. Ta hango labarin ya bi motocin kasuwa ya isa rumfar da Inna ke jera randunanta. Ta ci gaba da gurza har yatsunta suka yi ja su ma.

Washegari ta yi sammako, don hanyar Gummi ba a son a yi yamma a kanta. Inna ta rako ta har tasha, abin da ba ta saba ba, ta tofa wa jakar addu'a, ta ce wa direba ya bi ramuka a hankali akwai kaya mai daraja.

Yadin kamfanin ya cika. 'Yan Gummi sun zo da ganga, 'yan Bukkuyum sun ɗinka riguna iri ɗaya, 'yan Anka sun zo da baki. 'Yan matan ƙungiyar, na garuruwan uku duka, sun taru gefe guda, kuma ba a ɓoye ba Mardiyya suke yi, har da na Gummi. Wannan ya ƙara mata nauyi. Farar hular na kan tebur an goge ta.

Aka ce kowa ya fito da nasa. Naziru ya tsamo nasa daga bokiti yana ɗigar ruwa. Abdulwahabu ya kwance nasa daga jiƙaƙƙen buhu. Mardiyya ta ajiye nata a tsakiyarsu, sai Naziru ya riƙe ciki.

"Jama'a ku zo ku gani! Bulon mata! Har da jan baki anka sa mai!"

Aka kwashe da dariya. Ita ma ta yi ɗan murmushi, don in ba ta yi ba hawaye ne za su zo.

Injiniya Lirwanu bai yi dariya ba. Ya duba shatin yatsansa, ya ga nasa ne. Ya ɗaga bulon ya jinjina, ya ƙwanƙwasa da makullin motarsa, ya kai hanci ya shinshina. Mutumin da ya shekara ashirin yana cin abinci da kankare ba a yi masa wannan ɓoyon. Ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Mardiyya, wannan ya ga wuta."

Ta kau da kai, ya ci gaba.

"Na ga haɗinki da idona, ba haka ya kamata ya fito ba. Kin san doka. Ki miƙe ki faɗi wanda ya taɓa shi, yanzu in ɗage gasar. Ba wanda zai ce an yi miki alfarma."

Abdulwahabu, da ke kusa ya ji, ya gyara tabarau ya yi maganarsa ta farko a ranar. "Ni na yarda a sake. Ba na son in ci ko in faɗi da irin wannan."

Ta dubi hular. Kusa take ƙwarai, in ta miƙa hannu za ta taɓa ta. Kalma kaɗan ce tsakaninsu, kuma gaskiya ce ba ƙarya ba. Ta san in aka sake kwaɓi Naziru da kununsa ba za su kama ƙafarta ba.

"Ranka ya daɗe, ba wanda ya taɓa shi," ta ce, da ƙarfi yadda na baya za su ji. "A hannuna yake tun ranar. In ya yi, nawa ne. In bai yi ba, nawa ne."

Injiniya ya daɗe yana kallonta. Shi ma ɗan Anka ne, kuma randar da ke tsakar gidan mahaifiyarsa ya san inda aka saye ta. Ya sosa gemu, ya ce, "To, Allah ya ba mai rabo. A kunna inji."

Na Abdulwahabu aka fara sawa. Injin ya yi gurnani, allurar ma'aunin nauyi ta hau, ta hau, bulon ya yi ƙara ya tsage. 'Yan Bukkuyum suka yi tafi. Aka sa na Naziru, kuma abin haushi kunun nan ya jure, sai da allurar ta ɗan gota ta Abdulwahabu kafin ya fashe. Ganga ta ɗauka.

Aka share injin aka sa na Anka. Mardiyya ta ƙi kau da kai, ta ce in zai mutu ya mutu tana kallo. Allurar ta motsa kamar mai jin kunya, ta ɗan ɗaga, ko rabin na Abdulwahabu ba ta kai ba, sai bulon ya saki jiki. Bai ma yi ƙarar fashewa irin ta 'yan uwansa ba, zubewa ya yi, jan gari ya tashi ya sa mai kula da injin atishawa.

Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. Naziru ya sa hula, ta yi masa yawa ta rufe masa gira, ya yi jawabi mai tsawo a kan yashin Gummi. Kafin a raba lemo an riga an raɗa wa Mardiyya suna, Injiniya Garin Ɗanwake, kuma ta san sunan zai bi ta har wurin aiki. 'Yan matan suka kewaye ta suna ba ta haƙuri, wata ta ce ai dama siminti ba ya son hannun da ya sha lalle, wata ta harare ta. Abin ya yi wa Mardiyya ciwo ƙwarai, ciwon da ba ta zata ba, domin duk ajinsu ba wanda ya kai ta iya haɗi, kuma yanzu ba mai yarda da haka har abada.

Tana cikin motar komawa, an matse ta tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kaji, wayarta ta yi ƙara. Ta duba ta ga Inna ce. Ta share ido da gefen mayafi ta ɗauka.

"An matsa?" in ji Inna, ko sallama babu.

"An matsa, Inna."

"Tau? Wa yac ci?"

"Na Gummi."

Ta ji Inna ta ja numfashi, muryarta ta sauko ta yi ƙanƙanta, irin yadda ba ta taɓa jin ta ba.

"Laihina na. Tun ranar nis san wutar ba ta isa ba, iska ya yi ta kwashe ta gabas. Da na ƙara mai kara ko dami guda. Ki yahe mani, ɗiyata, na ɓata miki."

"Inna, ba ki ɓata komai ba."

"Na ɓata. Amma baɗi ki kawo mani shi da wuri. Sau biyu zan gasa shi, wallahi ko hannun ga zai ƙone duka."

Babu wata baɗi, Mardiyya ta sani. Dariya ta kufce mata, hawaye na bin ta a baya, har tsohuwa mai kaji ta juyo tana kallonta.

"To, Inna," ta ce. "Ki dai shafa wa hannun magani kafin in iso."